Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: A Bar Mai Nakasa Ya Zaɓi Wanda Zai Yi Masa Hidima

Akwai wata tambaya da ba kasafai ake yin ta ba a duk lokacin da aka tashi taimaka wa masu nakasa. Tambayar kuwa ita ce, wane ne zai riƙe kuɗin? Shin gwamnati ce za ta raba wa ƙungiyoyin da ta ga dama, su kuma su yi wa makaho da gurgu da kurma abin da suka ga ya dace da su, ko kuwa shi mai lalurar za a ware wa kasonsa a ce ya nemo wanda zai yi masa aiki? A nawa ra'ayin hanya ta biyu ita ce daidai. Sai dai kuma ba na cikin masu ganin cewa da an ware wa mutum kuɗi shi ke nan an gama. Zaɓi aiki ne, yana kuma tattare da haɗari, kuma ƙasar Ostareliya, wadda ta haura shekara goma tana bin wannan hanya, ta sha zaƙinta ta kuma sha ɗacinta. Don haka nake son mai karatu ya biyo ni can mu ga yadda abin yake.

Kafin mu yi nisa, na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai sun fi son a ce "masu buƙata ta musamman". Ni dai na zaɓi "mai nakasa" ne saboda ya fi fito da abin da ake magana a kai, kuma "mai" ɗin nan tana nuna cewa mutum ne da farko, nakasar kuwa wani abu ne da yake tare da shi, saɓanin "nakasasshe" da ke mayar da mutum gaba ɗayansa nakasa.

Tunanin a bar mai nakasa ya ja ragamar hidimarsa ba a Ostareliya ya fara ba. A shekarar 1962 wani saurayi mai suna Ed Roberts, wanda cutar shan-inna ta shanye masa jiki tun yana yaro har sai da injin taimakon numfashi yake kwana, ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. Shi da abokansa ne suka yi ta fafutukar cewa mai nakasa shi ya kamata ya ɗauki mai taimakonsa aiki, shi zai ce masa yi kaza bar kaza, shi kuma zai sallame shi idan bai gamsu ba, har aka buɗe cibiyarsu ta rayuwar dogaro da kai a 1972. A Ingila ma an yi doka a 1996 wadda ta ba ƙananan hukumomi damar biyan mai nakasa kuɗi kai tsaye maimakon su aika masa da ma'aikaci.

A Ostareliya kuwa, kafin 2013 gwamnatocin jihohi ne ke ba ƙungiyoyi kuɗi a dunƙule, mai nakasa kuma ya bi layi ya jira abin da ya samu. Wani ya yi shekaru yana jiran keken guragu, wani kuma abin da zai samu ya danganta ne ga jihar da yake zaune da kuma yadda nakasar ta same shi, domin wanda ya nakasa a haɗarin mota yana iya samun diyyar inshora, wanda aka haifa da irin wannan lalurar kuwa sai haƙuri. A 2011 wata hukumar gwamnati mai ba da shawara kan tattalin arziki ta fitar da rahoto inda ta ce tsarin ba shi da isassun kuɗi, ba shi da adalci, a wargaje yake, kuma bai bar wa masu nakasa wani zaɓi ba. Daga nan gwamnatin Firaminista Julia Gillard ta kafa dokar shirin inshorar nakasa na ƙasa, wanda aka fi sani da NDIS, a 2013. An fara gwaji ranar 1 ga Yuli na wannan shekara a wurare kaɗan, aka ƙara harajin lafiya daga kashi 1.5 zuwa kashi 2 cikin ɗari daga 2014 domin ɗaukar wani ɓangare na nauyin, zuwa 2020 shirin ya game ƙasar. A 2025 waɗanda ke cikinsa sun haura mutum 700,000.

Ga yadda abin yake tafiya a taƙaice. Wanda ke da nakasa mai ɗorewa kuma mai tsanani, bai kai shekara 65 ba lokacin da ya nema, zai zauna da jami'an hukumar ya faɗi burinsa da buƙatunsa, a rubuta masa kasafi. Ba a duba ko yana da arziki ko ba shi da shi. Kasafin yana da manyan rukunai. Akwai na hidimar yau da kullum, kamar wanka da sa tufafi da fita unguwa. Akwai na koyon dogaro da kai, kamar ganin masu gashin ƙashi da masu gyaran magana da koyon sana'a. Akwai kuma na manyan kayayyaki, irin su keke mai inji da gyaran gida yadda keke zai shiga banɗaki. Sannan mutum zai zaɓi yadda za a riƙa biya. Idan ya bar wa hukuma ta biya, to dole ya yi hulɗa da masu rajista kawai. Idan ya ɗauki wakili mai riƙe masa lissafi, yana iya hulɗa da masu rajista da marasa ita, amma ba za a wuce farashin da hukuma ta ƙayyade ba. Idan kuwa ya ce shi zai riƙe da kansa, ƙofa a buɗe take ya ɗauki wanda ya so, su yi ciniki, da sharaɗin ya adana rasidai na tsawon shekara biyar.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Mutumin da aka saba masa da cewa duk abin da aka ba shi alfarma ce, yau an wayi gari shi ne mai saye a kasuwa, kamfanoni suna rububinsa. Wanda ya saba da godiya ba ya iya taya kaya, balle ya ce albarka. Abu na farko da nake ganin ya kamata mai nakasa da iyalinsa su sa a ransu shi ne, wanda ya zo yi musu hidima ba taimakonsu ya zo yi ba, biyansa ake yi, kuma biya mai tsoka. A tsarin farashi na 2025/2026, awa ɗaya ta ma'aikacin taimako da rana a ranakun aiki tana kai wa kimanin dala 70 ta Ostareliya, ranar Lahadi kuwa ta haura dala 120. Duk wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa rajista ita ce ma'aunin nagarta. Ba na raina rajista, domin mai ita yana ƙarƙashin binciken hukumar sa ido da aka kafa a 2018, dole a tantance ma'aikatansa, dole ya kai rahoton duk wani mummunan abu da ya faru. Amma a dubi wannan. Kwamitin da ya yi bitar shirin a 2023, ƙarƙashin Bruce Bonyhady da Lisa Paul, ya gano cewa masu rajista kimanin 16,000 ne, alhali marasa rajista da ake biya sun haura 150,000. Ke nan mafi yawan masu wannan sana'a ba su da rajista, kuma a cikinsu akwai na kirki ƙwarai, irin maƙwabciyar da ta san yaro tun yana goye, ko ɗalibin jami'a da yake jin harshen gidan. A ɗaya ɓangaren kuma, ɗaya daga cikin manyan abubuwan takaici da suka taɓa faruwa a shirin a hannun kamfani mai rajista ya faru.

A watan Afrilu na 2020 wata mata 'yar shekara 54 ta rasu a wani asibiti a birnin Adelaide. Tana da lalurar ƙwaƙwalwa mai shanye gaɓoɓi tun yarinta, tana zaune ita kaɗai a gidanta, kuma shirin yana biyan kuɗin kula da ita na sa'o'i shida kowace rana. 'Yan sanda sun ce ta yi fiye da shekara guda a kan kujera ɗaya dare da rana, har gyambunan zama suka ci jikinta, ga kuma yunwa. Mai kula da ita ta amsa laifin kisa ba da niyya ba, aka ɗaure ta fiye da shekara shida a 2022, kamfanin kuma aka soke rajistarsa. Kuɗi dai akwai su, takardu kuma a cike suke. Abin da babu shi ne ido na biyu. Mutum ɗaya ce tak take shiga gidan, babu wani da ke leƙawa ya ga halin da ake ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagewar bangon a nan kuwa ita ce kaɗaici.

Wannan ne ya sa nake ganin tambaya mafi muhimmanci da za a yi wa kowane kamfani ita ce, mutum nawa ne za su riƙa zuwa, kuma wa ke duba aikinsu? Kamfanin da ya ce zai ba ka ma'aikaci ɗaya kullum, ya kuma nuna maka hakan a matsayin gata, a tambaye shi wa zai zo ranar da wannan ɗin ya kwanta ciwo, kuma sau nawa shugabansa yake zuwa gida da ƙafarsa ya gana da mai lalurar ba tare da ma'aikacin yana tsaye a kansa ba. Haka nan kuma kada a tara komai a hannun kamfani guda. Akwai kamfanonin da za su ba ka gidan zama, su ba ka masu kula da kai, su kuma ba ka jami'in da zai riƙa ba ka shawarar yadda za ka kashe kasafinka. Da jin haka sai mutum ya ce an hutar da shi. Amma ranar da ka ɓata da mai yi maka wanka, gidan ma yana iya suɓucewa, wanda za ka kai wa kuka kuma albashinsa daga aljihun wanda kake ƙara yake fitowa. Babban kwamitin binciken da gwamnati ta kafa a 2019 kan cin zarafin masu nakasa, wanda ya miƙa rahotonsa a Satumba 2023 da shawarwari 222, ya ba da shawarar a raba aikin mai ba da shawara da na mai yin hidima saboda wannan dalili.

Sauran abubuwan dubawa ba su da wuyar ganewa. A je a gani da ido, kada a yi cinikin biri a sama saboda hotuna masu kyau a intanet. A lura da wanda wakilin kamfani yake kallo idan yana magana, mai keken ne ko wanda ya turo shi? Wanda tun a zaman farko yake tambayar mahaifiya "me yake so ya ci?" alhali ga mai cin nan a zaune yana ji, to ya riga ya nuna yadda zai yi aikinsa. A tambayi waɗanda suka taɓa hulɗa da kamfanin, a duba jerin waɗanda hukumar sa ido ta haramta wa aiki, domin a fili take wallafa shi. Idan mace tana son mace ce kawai za ta yi mata wanka, ko kurma yana son mai jin maganar hannu, a faɗa tun farko a kuma rubuta.

Rubutun nan shi ne yarjejeniya, kuma nan ne aka fi cutar mutane, domin da yawa sa hannu kawai suke yi. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne yadda za a rabu. Kwana nawa za ka ba da sanarwa kafin ka bar kamfani? Idan mako biyu ne da sauƙi, idan wata uku ne to an ɗaure ka. Sai batun soke zuwa. Ƙa'idar farashi ta ba kamfani damar karɓar cikakken kuɗin aikin ma'aikacin taimako idan aka soke ba tare da sanarwar kwana bakwai ba, muddin an rubuta hakan a yarjejeniya kuma bai samo wa ma'aikacin wani aiki ba. Mai lalurar da jikinsa ke tashi ba zato, ta yaya zai san zai kwanta asibiti mako guda kafin lokacin? Irin wannan mutum ya nemi sassauci tun kafin ya sa hannu. Akwai kuma kuɗin tafiyar ma'aikaci da kuɗin rubuta rahoto, waɗanda duk daga kasafin ake cire su.

Bari mu ɗan yi lissafi domin a ga cewa ba ƙaramin abu ba ne. A ƙaddara ma'aikaci yana zuwa sau biyar a mako, an rubuta sa'o'i biyu kowane zuwa, amma kullum yana tafiya saura rabin awa. A mako an yi asarar awa biyu da rabi, a shekara awa 130, wato sama da dala 9,000 a farashin da na ambata. Mai lalurar yana ganin ai kuɗin gwamnati ne, yana kuma jin nauyin ma'aikacin da suka saba. Sai kasafi ya ƙare tun shekara ba ta ƙare ba, a rasa mai ɗaga shi daga gado. Don haka duk takardar neman biya da ta zo a karanta ta, a gwada ta da abin da aka rubuta a kalandar gida. In ba ƙira, me ya ci gawayi?

Akwai kuma kishiyar wannan, wato masu tsoron taɓa kuɗin. Suna tattalinsa kamar adashi, alhali abin da ya rage ba a ɗora shi a kan sabon kasafi, kuma idan aka zo bita yana iya zama hujjar cewa ba a buƙatarsa. Tun daga Mayu 2025 ma an fara sakin kuɗin sababbin kasafai kashi-kashi, galibi duk wata uku, saboda haka dole mutum ya san abin da yake kashewa a mako. Ni dai inda na fi ganin amfanin kuɗin shi ne rukunin koyon dogaro da kai, wanda da yawa suke yi wa riƙon sakainar kashi. Ɗan jagora yana da amfani, amma makahon da aka koya wa tafiya da farar sanda da amfani da kwamfuta mai karanta rubutu da murya ya rage sa'o'in da zai biya wani har ƙarshen rayuwarsa. Kamfanin da ke samun kuɗi da yawan sa'o'i ba lallai ne ya tuna maka da wannan ba. Wanda kuma ya ga kasafin da aka yanka masa bai ishe shi ba, yana da wata uku ya nemi hukuma ta sake dubawa, idan bai gamsu ba ya wuce kotun bitar hukunce-hukuncen gwamnati. Abin da ke cin nasara a can shi ne rahoton ƙwararru da ke nuna abin da mutum ba ya iya yi a ranar da jikinsa ya fi tsanani, ba ranar da ya yi kwalliya ya je ofis yana cewa lafiya lau ba.

Na san masu adawa da wannan hanya suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Kuɗin shirin ya haura dala biliyan 40 a shekarar kuɗi ta 2023/2024, abin da ya zarce hasashen farko nesa ba kusa ba, har shugabannin tarayya da na jihohi suka amince a 2023 cewa a rage haɓakarsa zuwa kashi 8 cikin ɗari a shekara. 'Yan damfara sun shiga, suna neman biyan aikin da ba a yi ba, har sai da aka kafa runduna ta musamman a 2022 domin farautarsu. Daga 3 ga Oktoba 2024 aka fitar da jerin abubuwan da ba za a saya da kuɗin ba, ciki har da giya da caca da kuɗin haya da cefanen gida, kai har da zuwa wurin 'yan duba. Amma mai karatu ya lura, galibin manyan damfarar da aka gurfanar a kotu masu neman biya ne suka tafka ta. Maganin ɓarawo shi ne a kama shi, ba a ƙwace wa wanda aka yi wa sata 'yancinsa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta ƙauye. A yankunan da ke can ƙuryar ƙasar, musamman garuruwan 'yan asalin Ostareliya da ke arewa, ana rubuta wa mutum kasafi mai kauri amma babu wanda zai saya wa aiki, domin ƙwararre mafi kusa yana iya kasancewa tafiyar ɗaruruwan kilomita. Zaɓi tsakanin babu da babu ba zaɓi ba ne. A irin wannan wuri dole gwamnati ta shigo da kanta ta horar da mutanen garin, ta kuma ɗauki nauyin kai ƙwararru. Haka nan wanda ke da lalurar fahimta kuma ba shi da dangi yana buƙatar mai tsaya masa wanda ba ya cin komai daga kasafinsa.

To mu a nan fa? Babu mai cewa Nijeriya tana da irin waɗannan biliyoyi. Muna dai da dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019, da hukumar masu nakasa ta ƙasa da aka kafa a 2020. Dokar ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai shiga, wa'adin ya cika a Janairu 2024, kowa kuma yana iya ƙirga matattakalar ɗakin karatunsa ya ga inda aka kwana. Amma ɗan abin da ake kashewa ma, wa ke zaɓa? Har yanzu salon da aka fi sani shi ne a kafa rumfa, a jera kekuna iri ɗaya girma ɗaya da kekunan ɗinki, a kira 'yan jarida. Ba a tambayi mai karɓa ko ɗinki yake so ko karatu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji tun 2008 cewa keken guragu sai an auna mai shi, an daidaita masa, an koya masa amfani da shi, domin wanda bai dace da jiki ba yana jawo gyambon zama da karkacewar baya. Keken asibiti mai ƙananan tayoyin gaba ba ya jure yashi da kwatami, shi ya sa da yawa ke ƙarewa a bayan ɗaki ko a kasuwa. Alhali kuwa a Kano da Jos akwai masu lalurar shan-inna da suke ƙera keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda ya san hanyoyinmu, kuma kowane mai gyaran keke a bakin titi yana iya yi masa faci. Da hukuma ko ɗan majalisa ko mai zakka zai ba mutum takardar kuɗin keke ɗaya, ya ce je ka wurin maƙerin da ka yarda da shi a auna ka, mu biya shi bayan ka hau ka gamsu, da kuɗin da za a kashe bai wuce wanda ake kashewa yanzu ba, har ma a samu rarar kuɗin hayar rumfa da kujeru.